Tankin jirgin yaƙi da ya koma motar tsere

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, tarkacen da ya bari ya fi ƙarfin masu shi. Jiragen sama, injuna, tayoyi da manyan motoci sun taru jibgi, gwamnatoci suka shiga gwanjonsu a kuɗin banza. Abin da kowace ƙasa ta yi da rabonta ya danganta da abin da ke damun mutanenta a lokacin.

A Kalifoniya ta Amurka, abin da ke damun samari shi ne gudu. Tun 1937 suna da ƙungiyarsu ta auna gudun mota a busassun tafkuna irin su El Mirage, inda ƙasa take shimfiɗe ba kwana ba gargada. Ɗaya daga cikinsu, Bill Burke, yana aikin soja a tekun Pasifik sai ya ga an loda tankunan man jirgi a Guadalcanal. Tankuna ne dogaye masu fiƙaƙƙen baki da wutsiya, ana rataya su ƙarƙashin jirgin yaƙi don ƙara masa nisan zango, in mai ya ƙare matuƙi ya sake su. Injiniyoyi sun riga sun sha wahalar fitar da siffar da iska ba ta riƙewa. Burke ya lura injin Ford zai shiga ciki.

A 1946 ya sayi tanki mai cin galan 165 na jirgin P-51, ya cusa masa injin a gaba, ya sa tayoyi huɗu a waje, ya zauna kan sirdin keke, rabin jikinsa a fili. Ya wuce mil 130 a awa. Da ya ga wurin ya yi masa kaɗan sai ya koma ga tankin P-38 mai cin galan 315, ya mayar da injin baya, direba ya shige ciki. Wannan tsari kowa ya bi. Alex Xydias, wanda ya buɗe shagon So-Cal Speed Shop a Burbank a 1946, ya ƙera tasa, kuma a farkon shekarun 1950 ta taɓa mil 198 a awa a filin gishiri na Bonneville, wato kusan kilomita 320. Duk a gareji aka yi, da walda da guduma.

Daga tanki aka koma kan injin jirgin kansa. Art Arfons na garin Akron ya sayi lalataccen injin J79, irin na jirgin yaƙin F-104, a hannun mai gwangwan kan dala 600, ya gyara da hannunsa, ya gina motarsa Green Monster a kansa. Ranar 7 ga Nuwamba 1965 ta yi mil 576 a awa. Kwana 8 kacal ya riƙe kambun gudun mota na duniya, sai Craig Breedlove ya zarce mil 600.

Mu ma a Afirka ta Yamma Yaƙin Duniya na Biyu ya bi ta kanmu. Daga Satumba 1940 Ingila ta riƙa kawo jiragen Hurricane da Blenheim cikin akwatuna zuwa tashar Takoradi a Gana, wadda a lokacin ake kira Gold Coast. A nan ake haɗa su, su tashi zuwa Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wato Njamena ta yau, su ratsa Sudan har Masar. Fiye da jirgi 5,000 suka bi wannan hanya. A ƙasa kuwa, yawancin sojan Gold Coast 'yan arewa ne, daga yankunan Bawku da Yendi da maƙwabtansu, Hausa kuma ita ce harshen bariki. Sun je Habasha, sun je Bama, da yawa sun dawo da sana'ar da ba su tafi da ita ba: tuƙi da kanikanci.

Sai dai wanda ya dawo Bawku bai da busasshen tafki, bai kuma da kuɗin ƙona fetur don kawai a tafa masa. Yana da albasa da shanu da za su gangara Kumasi, da goron da zai hau arewa, goron da a da jakunan fatake ke kwasa daga Salaga su yi watanni kafin su ga Kano. Saboda haka gwanjon da ya ja hankali a nan na manyan motocin soja ne. A sayi kai da ƙashin mota, kafinta ya ɗora bodin katako, a jera benci, mai fenti ya rubuta kirari a goshi. Gudu ba ya cikin lissafi, tambayar ita ce buhu nawa za ta ɗauka ta kai lafiya. A Kumasi, makanikan da suka fara taruwa kusa da tsohon rumbun makaman soja su ne suka zama Suame Magazine, inda har gobe direban Bawku ko na Kulungugu ke kai injin da ya gagara. Sanholon tarkace kuma maƙera suka koyi narka shi su zuba tukwane, sana'ar da ta bazu a Afirka ta Yamma bayan yaƙin. A ganina wannan bai gaza aikin Burke wayo ba, marubuta ne kawai ba su bi ta kansa ba.

Wanda ya fi kusa da su Burke a ƙasar Hausa ta baya ya ɗauko abin: shi da kayan mota ya ƙera jirgi. A 2007 kamfanin dillancin labarai na AFP ya ba da labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar lissafi da ƙarfi a Jami'ar Bayero ta Kano, mai shekara 24, wanda ya ƙera jirgi mai saukar ungulu cikin wata 8. Injin na Honda Civic ne, kujerun na tsohuwar Toyota, wasu sassan kuma, in ji rahoton, daga tarkacen wani jirgin Boeing da ya taɓa faɗuwa kusa da Kano. Kuɗin ya tara su ne daga gyaran kwamfuta da wayar hannu, mahaifinsa ya cika masa. Jirgin mai mazaunin mutum 4 ya tashi sau da dama, bai taɓa wuce ƙafa 7 daga ƙasa ba.