Mas'alar Maimaita Harbi a Na'urar Leza, da Rabon Majinyacin Damargu

Tun daga shekarar 1985, sa'ad da Donna Strickland da Gérard Mourou suka fito da dabarar miƙe hasken leza, a ƙarfafa shi, sa'an nan a sake dunƙule shi wuri guda, ma'abota ilimin fiziks suke kwaɗayin ganin ranar da na'ura mai cin ɗaki ɗaya za ta maye gurbin manyan injinan ingiza ƙwayoyin zarra. Hikimar kuwa ita ce, idan hasken ya faɗa kan fallen ƙarfe wanda bai kai kaurin gashi ba, sai ilektoron su ratsa shi da zafinsu, su tayar da ƙarfin lantarki mai tsanani a bayansa, wanda yake fizgo furoton daga danshin da ke manne a wurin. A 2000, a Livermore ta Amurka, aka sami furoton mai ƙarfin MeV 58. A 2024 cibiyar Helmholtz ta Dresden a Jamus ta kai 150, alhali gashin ciwon daji mai zurfi da furoton yana neman wajen 200.

Amma a ra'ayina mushkilar da ta fi wannan nauyi ita ce ta maimaitawa, domin kowane harbi yana ƙone fallen, gilashin na'urar kuma ya ɗau zafi har sai an dakata ya huce, tamkar bindigar ɗuri; likita kuwa, wanda ran mutum yake hannunsa, ba ya amincewa sai da harbi bayan harbi, kowanne daidai da ɗan'uwansa. Sabili da haka ake jarraba falle mai zaruwa, da siririn ruwa mai kwarara, da daskararren haidurojin, a kuma cibiyar ELI kusa da Prag aka gina leza da nufin harbi 10 cikin daƙiƙa. Duk da haka, ɓeraye kaɗai aka yi wa gwajin ƙari a Dresden, sakamakon da aka wallafa a 2022.

To, ina rabon mutumin Damargu? Nijar, wadda ta daɗe tana haƙo yuraniyom a Arlit, ba ta buɗe cibiyar gwamnati ta gashin ciwon daji ba sai a 2021, a Yamai, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Majinyaci daga Tanut ko Belbeji lalle ne ya gangaro Damagaram, sa'an nan ya ci wajen kilomita 900 zuwa Yamai. Wajibin hukuma a yau shi ne ta kafa injin gashi na yau da kullum a Damagaram, ta kuma tura ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni su koyi ilimin leza tun ana kan harsashinsa.