Ambassatna da gidajen da ke riƙe da tarihin Njamena

Ambassatna unguwa ce a gunduma ta 3 ta birnin Njamena, babban birnin Chadi, kuma tana cikin tsofaffin unguwannin da suka tashi tun garin yana amsa sunan Fort-Lamy. Sunan daga Larabcin Chadi ya fito, ma'anarsa kusan "mun ji daɗi", kamar yadda ake fassara sunan Njamena kanta da "mun huta". A wannan unguwa ne Gidan Al'adu na Baba Moustapha yake, wanda masu jin Faransanci suka sani da Maison de la culture Baba Moustapha. Ana yin wasannin kwaikwayo a cikinsa, da kaɗe-kaɗe, da ƙaddamar da littattafai, da taruka. Yana cikin 'yan cibiyoyin da ke ƙoƙarin zaunar da 'yan Chadi a tabarma ɗaya kan tarihinsu, a ƙasar da kowane ɓangare ke da nasa mikin da yake tunawa.

Mikin kowa daban

Garin da yaƙi aka haife shi. Ranar 22 ga Afrilun 1900 sojojin Faransa suka gwabza da Rabe, wanda ya ci Barno a 1893, a Kusiri da ke tsallaken kogi cikin Kamaru ta yau. Rabe ya mutu a wannan rana, shi ma kwamandan Faransawa Lamy ya mutu. Bayan 'yan makonni Émile Gentil ya kafa sansani a ɗaya gaɓar ya sa masa sunan Lamy. Sai a 1973 shugaba Tombalbaye ya sauya sunan zuwa Njamena.

Abin da ke zukatan jama'a ya girmi wannan yaƙi. Mutanen kudu, musamman Sara, suna tuna harin bayi da masarautun Bagarmi da Wadai suka riƙa kai musu, sannan aikin tilas na shimfiɗa layin dogon Congo-Océan tsakanin 1921 da 1934, inda aka kwashi samarinsu da yawa ba su dawo ba, da noman auduga na dole. Musulmin arewa da gabas kuwa suna tuna kisan da Faransawa suka yi wa malamai da adduna a Abeche a 1917, da kuma musgunawar jami'an gwamnatin farko bayan samun 'yancin kai a 1960, wadda ta haifar da tawayen FROLINAT a 1966. Duka biyun gaskiya ne. Matsalar ita ce yaro kan tashi ya san na gidansu kawai.

A watan Fabrairun 1979 faɗa ya ɓarke a tsakiyar Njamena tsakanin sojojin shugaba Félix Malloum da na firaministansa Hissène Habré. 'Yan kudu suka tsere daga birnin, a garuruwan kudu kuma aka far wa Musulmi mazauna can. Tun daga lokacin unguwannin Njamena suka ƙara rarrabuwa, na arewacin gari da na kudancinsa, kowa ya koma wajen nasa.

Mutumin da gidan ya ci sunansa

An haifi Mahamat Baba Moustapha a 1952, ya rasu a 1982 yana ɗan shekara 30 kacal. Da Faransanci ya yi rubutu. Daga cikin wasanninsa akwai Makarie aux épines da Le Maître des djinns, sai Le Commandant Chaka da aka buga a 1983 bayan rasuwarsa, wanda ya caccaki mulkin soja a lokacin da yin hakan kan kai mutum kabari.

Littafinsa da ya fi shafar zaman tare shi ne ƙagaggen labarin Le Souffle de l'harmattan, wato hucin iskar hunturu, wanda bai fito ba sai a shekara ta 2000. Labarin abokai biyu ne, Haroun Musulmi ɗan arewa da Ganda Kirista ɗan kudu, waɗanda suka tashi tare har rikicin ƙasar ya shiga tsakaninsu. Marubucin bai wanke kowane ɓangare ba, kuma wannan ne ya sa 'yan arewa da 'yan kudu duka ke iya karanta shi ba tare da jin an yi musu ƙazafi ba. Wani bikin adabi da ake yi a Njamena ya ɗauki sunan littafin, akwai kuma ƙungiyar 'yan wasa mai suna Théâtre vivant Baba Moustapha.

Wata cibiya mai irin wannan aiki ita ce Al-Mouna, wadda wata 'yar zuhudu 'yar Lebanon, Nadia Karaki, ta kafa a 1986. Tana da ɗakin karatu, tana shirya muhawara tsakanin Musulmi da Kirista, ta kuma wallafa littafi a kan tambayar da mutane ke tsoron yi a fili: shin rikicin arewa da kudu gaskiya ne, ko kuwa 'yan siyasa ne suka hura shi?

Gidan tarihi na ƙasa, da kayan da ke Paris

An kafa gidan tarihi na ƙasa a 1962. Yaƙin da ya biyo bayan 1979 ya yi masa ɓarna, kayansa da dama sun salwanta. Daga baya aka mayar da shi sabon gini. Abin da ya fi jan baƙi shi ne sashen Toumaï, ƙoƙon kan da ɗan Chadi Ahounta Djimdoumalbaye ya tsinta ranar 19 ga Yulin 2001 a hamadar Djurab, yana aiki da tawagar Michel Brunet. Masana sun ƙiyasta shekarunsa kusan miliyan 7. Sai kuma tukwane da mutum-mutumin yumɓu na mutanen Sao, waɗanda Kotoko ke ɗauka kakanninsu. A ƙauyen Gaoui da ke kusa da birnin akwai ƙaramin gidan tarihi a tsohuwar fadar sarki da ke nuna irin waɗannan kaya. Toumaï da Sao na da wata fa'ida a Chadi: babu wanda zai ce na 'yan arewa ne ko na 'yan kudu.

Sai dai kaya masu tarin yawa ba sa ƙasar. Rahoton da Felwine Sarr da Bénédicte Savoy suka miƙa wa shugaban Faransa a 2018 ya nuna cewa a gidan tarihin Quai Branly na Paris akwai kayan Chadi fiye da 9,000, adadin da ya zarce na kowace ƙasa a kudu da Sahara. A 2019 gwamnatin Chadi ta nemi a dawo mata da su. Ɗalibin Njamena da ke son ganin aikin hannun kakanninsa sai ya nemi biza, abin da yawancinsu ba za su samu ba.

Takardun da suka kai Habré kotu

Babu abin da ya nuna amfanin ajiye tarihi a Chadi kamar takardun DDS, 'yan sandan ciki na Hissène Habré, wanda ya yi mulki daga 1982 zuwa 1990. Kwamitin bincike ƙarƙashin Mahamat Hassan Abakar ya ƙiyasta a 1992 cewa an kashe mutum kusan 40,000 a wannan zamani. A 2001 ma'aikatan Human Rights Watch suka tarar da takardun hukumar watse a ƙasa a tsohuwar hedkwatarta, ƙura ta rufe su. Da aka tace su an samu sunayen mutum 1,208 da suka mutu a tsare, da mutum 12,321 da aka kama ko aka azabtar. Kafin wannan, wani tsohon fursuna, Souleymane Guengueng, ya shafe shekaru yana tattara shaidar 'yan uwansa yana ɓoyewa a gidansa.

Mulkin Habré bai bar kowa ba: 'yan kudu a 1984, Hajarai a 1987, Zagawa a 1989. Shi ya sa ƙungiyar waɗanda aka zalunta ta haɗa Musulmi da Kirista, Balarabe da Sara, a layi ɗaya, abin da siyasa ta kasa yi. Ranar 30 ga Mayun 2016 kotu ta musamman a Dakar ta yanke wa Habré ɗaurin rai da rai, ya kuma mutu a can a watan Agustan 2021. A Njamena ma, a watan Maris na 2015, kotu ta ɗaure wasu jami'ansa 20, ta ba da umarnin biyan diyyar sefa biliyan 75, da gina abin tunawa, da mayar da hedkwatar DDS gidan tarihi. A harabar ne kurkukun La Piscine yake, wurin ninkaya na zamanin Turawa da aka rufe samansa da kankare aka cusa mutane a ciki. Har Habré ya mutu ba a buɗe wannan gidan tarihi ba. Afirka ta Kudu kuwa ta mayar da kurkukun tsibirin Robben gidan tarihi tun 1997, shekara uku bayan zaɓen Mandela.

Ina Hausawa a ciki?

Fatauci da tafiya gabas ne suka kawo Hausawa Chadi. Maniyyata kan taso daga Kano ko Katsina ko Damagaram a ƙasa, su yada zango a Fort-Lamy ko Abeche su nemi guziri, wasu su wuce Sudan zuwa Makka, wasu kuma aure da sana'a su riƙe su har abada. Ayarin ya ƙaru bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, mabiyansa suka nausa gabas tare da ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno. Waɗanda suka tsaya sun kama fawa, da ɗinki, da jima, da wanzanci, da koyar da allo, suka kafa sarautun zango.

Matsayinsu a rikicin arewa da kudu mai wuyar sha'ani ne. Addini ya sa ana lissafa su da 'yan arewa, asali kuma ya sa wani lokaci ana yi musu kallon baƙi, ko da kakan mutum a Fort-Lamy aka binne shi. Harsunan hukuma a Chadi Faransanci ne da Larabci, Larabcin kasuwa kuma shi ne harshen titi, saboda haka jikoki da yawa sun fi sakin baki da shi a kan Hausa.

Binciken da aka fi sani a kan wannan al'umma shi ne Pilgrims in a Strange Land na Ba'amurke John Works, wanda ya fito a New York a 1976. Da Ingilishi yake, harshen da yawancin mutanen da aka rubuta a kansu ba sa karantawa. Sauran tarihin yana bakin dattawa, da cikin gafakar malamai: wasiƙun ajami, da takardun gado, da sunayen zangunan da aka bi a hanyar hajji. Takarda ba ta jure gara da damina, kuma Njamena gari ne da kogunan Chari da Logone ke cika su shiga gidaje, kamar yadda aka gani a 2022.

A Amurka, Carter Woodson ya fara makon tarihin baƙar fata a 1926 ne da irin waɗannan kaya na cikin gida, wasiƙu da takardun coci da labarin tsofaffi, kafin makon ya zama wata guda a 1976. Hukumar UNESCO kuma ta fara aikin babban tarihin Afirka a 1964, ya fito cikin juzu'i takwas, kuma Hausa na cikin harsunan Afirka uku da aka fassara taƙaitaccensa zuwa gare su, tare da Fulatanci da Swahili.