Masu Dakon Abincin Gida a Birnin Mumbai

Sana'ar kai wa ma'aikata abincin gida a birnin Mumbai na ƙasar Indiya ta samo asali ne a shekarar 1890, lokacin da ake kiran birnin Bombay kuma Turawan Ingila ke mulki. A wannan shekarar ce wani mutum mai suna Mahadeo Havaji Bachche ya tara maza kusan ɗari, suka riƙa karɓo kwanonin abinci daga gidaje suna kai wa masu gidajen a wuraren aikinsu. Ana kiran masu wannan sana'a dabbawala.

Bombay ta wancan zamani gari ne na baƙi. Masaƙun auduga da tashar jiragen ruwa da bankuna sun jawo jama'a daga ko'ina, kowa kuma da irin cimarsa da abin da addininsa ya hana shi. Yawancin mabiya Hindu na wasu jinsuna ba sa cin nama, mabiya addinin Jain ko albasa da tafarnuwa ba sa taɓawa, Musulmi kuwa sai yankan halal. Gidajen sayar da abinci ba su da yawa, kuma mutum bai san hannun da ya girka ba. Abin da magidanci ya amince da shi shi ne tukunyar matarsa ko ta mahaifiyarsa, wadda ta san gishirinsa da yajinsa, ta kuma san abin da cikinsa ba ya ɗauka. Matsalar ita ce ma'aikaci kan bar gida tun da sassafe kafin a sauke tukunya, ga kuma cunkoson jirgin ƙasa da ba ya barin mutum ya riƙe kaya a hannu.

A kan wannan buƙata aka gina tsarin. Da hantsi ɗan dako zai bi gidajen unguwarsa a kan keke ya karɓi kwanonin, waɗanda ake jerawa hawa-hawa: shinkafa a ɗaya, miyar wake a wani, gurasar capati a sama. A tashar jirgi ake ware su bisa ga inda za su, a ɗora a dogayen akwatunan katako, a shigar da su taragon kaya. Kwano ɗaya kan bi ta hannun mutane da dama kafin ya isa teburin mai shi da misalin ƙarfe ɗaya na rana. Da la'asar kuma ya koma gida babu komai a ciki. Da yake da yawa daga cikin 'yan dakon ba su yi nisa a boko ba, da farko zare mai launi suke ɗaurawa a matsayin shaida. Daga baya suka koma rubuta haruffa da lambobi da fenti a kan murfi.

Mafi yawansu 'yan ƙauyukan yankin Pune ne, mabiya ɗariƙar Varkari, masu ɗaukar ciyar da mutum a matsayin ibada. Farar hularsu ita ce alamarsu. Bachche ya yi ƙoƙarin haɗa kansu a ƙungiya a 1930, aka yi rajistar gidauniyarsu a 1956, sannan ƙungiyar kasuwancinsu a 1968. Kafin annobar korona, mutum kusan 5,000 ne ke kai kwano kusan 200,000 a kowace ranar aiki.

Duniya ta daɗe tana yaba musu kan ƙarancin kuskure. Yarima Charles na Ingila ya ziyarce su a 2003, har ya gayyaci biyu daga cikinsu ɗaurin aurensa a 2005, kuma fim ɗin The Lunchbox na 2013 an gina labarinsa a kan kwanon da ya ɓata hanya. Sai dai yabon ya fi karkata ga masu keke, an manta da matan da ke tashi tun asuba su gama girki kafin a ƙwanƙwasa ƙofa. Ba don su ba, da babu abin da za a ɗauka.

A watan Maris na 2020 aka tsayar da jiragen birnin saboda korona, sana'ar ta tsaya cik, 'yan dako da yawa suka koma ƙauyukansu noma. Bayan an buɗe gari, aiki daga gida da kamfanonin kai abinci ta waya irin su Swiggy da Zomato sun janye abokan ciniki da yawa, kuma yawan masu sana'ar bai koma yadda yake a da ba.