Amsoshin Takardunku: Wa Ke Da Gandun Dajin Yankari?

Wani mai sauraronmu daga Alkaleri ya aiko da takarda yana tambaya: shin Yankari na ƙaramar hukuma ne, ko na jiha, ko na tarayya?

To, malam, dajin nan dai ya shiga hannu uku. A 1956 gwamnatin Jihar Arewa ta amince a keɓe shi don namun daji, a 1957 kuma aka rubuta shi cikin gandayen dajin En'e ta Bauchi, wato hukumar gargajiya wadda ƙananan hukumomi suka gada. Ka ga ke nan daga ƙasa aka faro. An buɗe shi ga 'yan yawon buɗe ido a watan Disamba na 1962.

Da aka kafa jihohi, sai riƙonsa ya koma hannun Jihar Arewa Maso Gabas, sannan Jihar Bauchi a 1976. A 1991 gwamnatin tarayya ta ɗaga shi ya zama gandun ƙasa, kana ta mayar wa Bauchi abinta a 2006.

Kada ka ɗauka canjin suna ne kawai. Matsayin daji shi ke nuna wanda zai biya masu gadi, da dokar da za ta hau mafarauci ko makiyayin da ya kutsa ciki. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, kuma giwayensa kan fito su ɓata gonakin maƙwabta.

Saboda haka, malam, dajin yana ƙasar Alkaleri, amma ragamarsa tana hannun jiha. Da fatan ka gamsu.