Karatun Littafi Mai Tsarki da Yaɗuwar Boko a Ƙasar Hausa: Waiwaye

1.0 Gabatarwa

Sujadar Kirista ba ta cika sai an buɗe Littafi Mai Tsarki an karanta da harshen da jama'a suke ji, kuma ana son kowane mai bi ya riƙa karanta nasa a gida. Wannan maƙala za ta nuna yadda wannan buƙata ta taimaka wa rubutun Hausa na boko ya kafu.

2.0 Daga Schön zuwa Miller

J. F. Schön, Bajamushe ma'aikacin mishan na C.M.S., ya fara nazarin Hausa a tafiyar kogin Kwara ta 1841. Bayan Barth ya kai Dorugu Ingila a 1855, Schön ya sami Bahaushen da zai ji harshen daga bakinsa, har ya fitar da Bisharar Matiyu a 1857. Sai dai a wancan zamani masu karanta boko a ƙasar Hausa ba su taka kara sun karya ba.

Likita Walter Miller, wanda ya zauna birnin Zariya daga 1905, ya fahimci cewa fassara ba ta da amfani in babu makaranci. Saboda haka ya haɗa fassara da makaranta, wadda daga baya ta koma Wusasa. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aka sake fassara shi a 1979.

3.0 Tasirinsa

Yaron da aka koya wa baƙi da wasali don ya karanta Zabura bai tsaya nan ba. Daga wannan tsatso John Tafida ya fito, wanda suka rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Haka kuma al'ummu da dama na Filato da kudancin Zazzau, waɗanda ba a fassara musu littafin da harsunansu ba a lokacin, suka rungumi na Hausa. A nan Gashuwa, inda aiki ya kawo ni, da Nguru, akan ga Babur da Angas a majami'a ɗaya suna bin aya guda da Hausa.

4.0 Kammalawa

Ke nan duk mai nazarin tarihin boko da yaɗuwar Hausa a Arewa, wajibi ne ya leƙa majami'a kamar yadda yake leƙa Hukumar Talifi, domin kuwa ita ma ta horar da makaranta masu yawa.