Gidan waya da tsaron aikin mai gyaran layi: waiwaye daga ƙasar Madawa

1. Gabatarwa

Kalmar "gidan waya" da kanta shaida ce ta tarihi. Bahaushe ya raɗa wa ma'aikatar suna daga wayar tangaraho, domin wasiƙa da manda da tarho duk a rufi guda suke. Mutumin Bangi mai jiran saƙon ɗansa daga ci-rani, ko ma'aikacin Buza da Keita mai son magana da Tawa, duk sun rataya ga mai hawan turaku yana gyaran layi. Wannan ɗan nazari zai nuna cewa tsaron aikin wannan ma'aikaci ya dogara ne ga matsayin da doka ta ba shi.

2. Daga aikin dole zuwa sandika

A zamanin mulkin mallaka, yawancin ayyukan hanya da na dakon kaya aikin dole ne, har dokar 11 ga Afrilu 1946, mai ɗauke da sunan Houphouët-Boigny, ta soke shi. Bayan gwagwarmayar sandikoki, Faransa ta fitar da kundin dokokin aiki na 15 ga Disamba 1952. Shi ne ya tanadi cewa ba a korar wakilin ma'aikata sai da iznin sufeton aiki. Amma an bar ma'aikata kashi biyu. Cikakken ma'aikacin gwamnati ba a sallamarsa sai an bi ta majalisar ladabtarwa. Mai kwangila da lebura kuwa, sanarwa da kuɗin sallama su ne garkuwarsu.

3. Rabuwar gida

Bayan karyewar darajar sefa a Janairu 1994, masu ba da bashi sun matsa wa Nijar ta sayar da kamfanoninta. Kundin aiki na 29 ga Yuni 1996 ya shimfiɗa hanyar rage ma'aikata saboda matsin tattalin arziki: mai kamfani ya kira wakilan ma'aikata da sufeton aiki, ya bayyana dalilansa, sannan ya zartar. Wato shawara ce ake nema, ba izni ba. A 1997 aka raba OPT: wasiƙa da ajiya suka koma ONPE, layuka suka koma SONITEL, wadda aka sayar da mafi yawan hannun jarinta a 2001, gwamnati ta sake karɓe ta a 2012.

4. Kammalawa

Mai gyaran layi bai sake sana'a ba, amma an sake masa ubangida, kuma da kowane sauyi sai sandika ta koma teburin ciniki. Sufeton aiki yana birni, ma'aikacin ƙauye yana nesa. Saboda haka muke ganin ya kamata ɗalibai su tattara bakin tsofaffin ma'aikatan Madawa tun suna raye, domin takardun Yamai ba su faɗi yadda aka ji sallama a ƙasa ba.