Duwatsun Calanais da Farar Saniyar Teku

Wannan makon za mu leƙa tsibirin Lewis da ke arewa maso yammacin Sukotland, inda wasu dogayen duwatsu suke tsaye kusan shekara 5,000. Guda 13 sun yi da'ira, na tsakiyarsu ya kai mita 4.8, sauran kuma sun jeru layi-layi. Waɗanda suka kafa su ba su bar rubutu ba, sai na baya suka ƙaga musu labari.

Mutanen tsibirin kan kira su "Fir Bhrèige", wato mutanen ƙarya. Wai samudawa ne da suka ƙi karɓar Kiristanci, waliyyi Kieran ya mayar da su duwatsu. Wannan ba sai mun daɗe a kansa ba, duwatsun sun riga addinin da kusan shekara 3,000.

Wanda ya fi jan hankalinmu shi ne na saniya. An ce wata shekara yunwa ta addabi tsibirin, sai ga farar saniya ta fito daga teku ta tsaya a tsakiyar duwatsun. Kowace mace ta zo ta tatsi bokiti ɗaya, ba ƙari, kuma nonon bai taɓa yankewa ba. Ana nan sai wata mayya ta zo da rariya a maimakon bokiti. Ta yi ta tatsa, rariya ba ta cika, har hantsar ta ƙafe. Saniya ta tafi, ba a sake ganinta ba.

A ganinmu tatsuniyar ba ta faɗi komai game da magina ba. Masu ba da ita take nunawa: mutanen da suka san fari da yunwa, suka kuma san mutum ɗaya mai haɗama ya isa ya kashe gari.

Yunwar gaske ma ta zo. A 1844 Sir James Matheson, wanda ya yi arziki da cinikin ofiyom a Sin, ya sayi tsibirin sukutum. A 1846 cuta ta lalata dankali. Ya raba tsaba, amma daga 1851 ya riƙa ɗora talakawan da bashin haya ya ci a jirgi zuwa Kanada. Shi ne kuma a 1857 ya sa aka kwashe taɓon ruɓaɓɓen ciyayi mai zurfin kusan mita ɗaya da rabi da ya binne gindin duwatsun. Ashe duk masu ba da labarin samudawan, daga ƙugu zuwa sama kawai suke ganinsu.